Injina ya fara rawa farat ɗaya a kan hanya, an ce bawul ne, dole sai an sauke inji?

Direban_Dare:
Assalamu alaikum masana mota, dan Allah ina neman shawara kafin a yi min aika-aika. Shekaranjiya ina kan babban titi ina tafiya lafiya lau wajen gudun 100, babu fitilar da ta kama, allurar zafi tana inda ta saba zama, kawai sai na ji ƙara kas guda ɗaya daga gaba kamar an jefi bonet da tsakuwa, daga nan mota ta saki ƙarfi, sitiyari da kujera duk suna karkarwa, fitilar cek injin ta fara ƙiftawa. Na gangara gefe na buɗe bonet, injin bai mutu ba amma sai rawa yake yi kuma akwai wani tak tak tak daga samansa wanda in na taka totur yake ƙara sauri. Na lallaɓa da ita kamar kilomita 6 zuwa gareji. Bakaniken farko ya ce filogi ne, aka canza duka huɗun, shiru. Ya ce koyil ne aka sa wani, nan ma shiru. Yanzu wani ya zo ya kara sukudireba a kunne ya saurara ya ce bawul, wato marfin da yake buɗewa ya rufe hanyar iska da hayaƙi a silinda, ya tafi sai an sauke inji gaba ɗaya. Motar silinda huɗu ce, fetur, bawul 16, giyar hannu, ta yi kilomita dubu 210 da ɗoriya. Tambayata wai bawul yana lalacewa haka nan take ba sallama? Kuma dole sai an sauke inji?

Bawan_Allah77:
Wa alaikumussalam. Nozul ne wlh, tawa haka ta yi min bara, aka wanke nozul ta dawo daidai. Kar ka bari su buɗe maka inji.

Mai_Sifana:
Allah ya kiyaye gaba. Abu na farko daina tayar da ita, duk kunnawar da kake yi in da gaske bawul ne ƙara ɓarna kake. Na biyu ko da bawul ɗin ne ba a sauke inji saboda bawul, top silinda, wato kan injin da bawul suke ciki, kawai ake cirewa injin yana zaune a mazauninsa, sai dai in an buɗe an tarar fistin ya fashe ko jikin silinda ya karce shi ne ake maganar saukewa. Wanda ya ce a sauke tun bai auna komai ba ka tambaye shi me ya gani. Sukudireba tana gaya maka akwai ƙara a sama, ba ta gaya maka me ya karye.

@Bawan_Allah77 nozul ba ya yin kas, kuma ba ya yin tak tak mai ƙarfi irin wanda ya kwatanta.

Na'ura_Bata_Karya:
An sa mata kwamfuta? Kawo mana lambar da ta fito. Kuma ƙiftawar cek injin daban take da kamawarta ta zauna, in tana ƙiftawa tana gaya maka misin ɗin, wato silinda ta kasa ƙona mai, ya yi tsananin da ɗanyen fetur yana sauka salansa yana iya ƙona katalis, abin tace hayaƙin nan na cikin salansa. Kilomita 6 ɗin nan da ka yi ba ƙaramar kasada ba ce.

Direban_Dare:
An sa ɗazu da safe, P0303 ce kawai ta fito. Sun goge ta muka kunna ta dawo nan take.

Na'ura_Bata_Karya:
To silinda ta uku ce ba ta aiki. Amma kwamfuta iyakar abin da ta sani ke nan, ba ta san ko wuta ce babu ko mai ko matsi ba. Abin haushin da sun ɗauke koyil na uku sun musanya da na ɗaya, in lambar ta koma P0301 koyil ne, in ta tsaya a P0303 ba shi ba ne, minti biyar ba tare da ka sayi komai ba. Haka ake yi wa filogi da nozul ma. Tunda babu P0016 ko P0340, lambobin da suka shafi taimin, wato daidaiton buɗewar bawul da motsin fistin, ina ganin da wuya a ce taimin ne ya goce, amma a duba alamomin da ido dai.

Tsohon_Direba:
Yaro duba belt ɗin taimin tukuna. Ni shekara talatin ina tuƙi, bawul ba ya lanƙwashewa shi kaɗai sai belt ya tsinke ko ya tsallake haƙori.

DanKoyo22:
Baba in belt ya tsinke ai motar ba za ta tashi ba kwata-kwata ko? Shi kuma ya ce ya tuƙa ta har gareji.

Tsohon_Direba:
Na ce ko ya tsallake haƙori, ka karanta da kyau ɗana.

Injiniya_Kamshaf:
Dukkanku kuna da gaskiya ta wani ɓangare. In belt ya tsinke kamshaf, sandar da take buɗe bawul, ya tsaya cik, wasu bawul a buɗe, kiranshaf kuma, wanda fistin suke haɗe da shi, yana ci gaba da juyawa da ƙarfin gudun mota, to a injin da fistin da bawul suke amfani da fili ɗaya a lokuta daban-daban sai fistin ya hau ya same su. Irin wannan inji mutuwa yake yi, kuma in ka murɗa ki sai ka ji sitata tana juya shi da sauri fiiii babu nauyi saboda babu matsi. Ba duk inji ne haka ba, misali 5S-FE na Camry 2.2 belt ɗinsa in ya tsinke bawul ba ya taɓa fistin, belt kawai za ka mayar ka saita ka tafi. Amma yawancin injunan Honda masu belt da 1.8T na Volkswagen da kusan duk injin dizal, karo suke yi. Tsallake haƙori ɗaya kuma duka silindoji huɗun yake shafa, mota ta rage ƙarfi gaba ɗaya, ba ta uku kaɗai ba. Shi ya sa ni hankalina ya fi tafiya kan abin da ya shafi silinda ɗaya: sifirin ɗin bawul ya karye, ko kota mai riƙe bawul da sifirin ta fita bawul ya faɗa ciki, ko roka mai danna bawul ta zame, ko mazaunin bawul ya ɓalle daga jikin top.

Mai_Sifana:
@Direban_Dare ka sa a yi maka gwajin kwamfureshan, wato auna matsin silinda, yau ɗin nan, ka tsaya a kansu a yi shi yadda ya kamata. A cire filogi duka huɗun ba ɗaya ba, a cire fiyus ɗin famfon mai da soket na koyil, batir ya kasance da caji, ka taka totur har ƙasa a juya inji kamar bugu biyar shida kowace silinda a rubuta. Injin fetur mai lafiya yawanci za ka gani tsakanin 150 zuwa 200 psi, amma abin dubawa shi ne kusancin junansu, kar bambancin ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake aunawa. In ta tashi sosai ring ne, in ba ta motsa ba matsin ta sama yake gudu, bawul ko gasket. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare sai a zargi gasket ya ƙone a tsakaninsu.

Sai dai tunda akwai ƙarar ƙarfe, ni da ni ne kafin ma a juya shi da sitata zan buɗe murfin saman inji in leƙa, kusoshi kaɗan ne.

Hajiya_Sitiyari:
Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Ni na taɓa ganin wani gwaji da takarda, ana kara ta a bakin salansa inji yana aiki, in tana tsotse takardar ciki lokaci-lokaci wai bawul ɗin hayaƙi ne ba ya rufewa. Da gaske ne ko labari ne?

Injiniya_Kamshaf:
Hajiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ko misin na filogi yana iya sa takardar ta yi haka a wasu motoci don haka ba a yanke hukunci da shi. Kuma shi wannan bawan Allah bai kamata ya sake kunna ta ba ma balle a yi takarda. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na hura iska: a kawo fistin can sama a zagayen da bawul duka suke rufe, a hura iskar kwamfuresa ta ramin filogi a saurara. Iska tana fita ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. Tana fita ta wajen totur, na shigar iska ne. Ta ramin zuba baƙin mai, ring ne. In kuma ruwan lagireto yana ɓulɓula to gasket ne ko top ya tsage. Injin a kashe ake yi, ba abin da zai ƙara lalacewa.

Oga_Fistin:
Duk wannan dogon turanci ne. Bawul ya ƙone ne kawai, a cire top a yi girandin, a goga bawul da mazauninsa har ya zauna daram, a mayar, aikin kwana ɗaya.

Mai_Sifana:
Oga ƙonewar bawul ba ta zuwa da kas. A hankali take cin mutum, za ka fara jin ɗan misin da safe in inji ya yi sanyi ko a silo, wata ɗaya wata biyu yana ƙaruwa. Dalilin shi ne bawul ɗin hayaƙi zafinsa yana kaiwa digiri 700 zuwa 800, kuma mafi yawan zafin nan ta mazauninsa yake sauke shi cikin top duk lokacin da ya rufe ya zauna daram. To in tazarar tafet, 'yar ratar da ake bari tsakanin bawul da abin da yake danna shi, ta matse ya daina zama sosai, ba inda zai sauke zafin, wutar kuma tana bi ta 'yar kafar tana yanka shi kamar wutar walda har gefensa ya gutsure. Na yarda wani lokaci gutsurewar ƙarshe takan zo lokaci ɗaya, amma mai mota in ya tuna zai ce eh dama tana ɗan rawa kwanan baya. @Direban_Dare tana yi?

Direban_Dare:
Wlh ko kaɗan, silonta tsit kamar agogo har ranar.

Ga sakamakon da muka samu yanzu. Mun buɗe murfin sama kamar yadda Mai_Sifana ya ce, injin mai roka ne don haka sifirin duk a fili suke. A silinda ta uku ɗaya daga cikin bawul biyu na hayaƙi sifirin ɗinsa ya karye gida biyu, hular saman sifirin da kota suna nan ba su fita ba amma bawul ɗin ya yi ƙasa bai kai tsayin ɗan uwansa ba, rokar tana lilo a kansa, ashe ita ce mai tak tak ɗin. Belt lafiyarsa ƙalau alamomi sun hau daidai. Bakaniken ya juya da hannu ya ji ba ya cijewa sannan ya auna: ta ɗaya 175, ta biyu 170, ta uku 0, ta huɗu 178. An zuba mai a ta ukun, 0 ɗin dai.

Bawan_Allah77:
To na janye maganar nozul 😂 Allah ya ba da haƙuri.

Tsohon_Direba:
Ikon Allah, sifirin kuma. To na ga sabon abu.

DanKoyo22:
Ka yi sa'a kota ba ta fita ba. A wajen da nake koyon aiki an taɓa kawo wata da bawul ya faɗa ciki tana gudu, da aka buɗe kan bawul ɗin ya guntule ya nutse a cikin fistin kamar an dasa shi, top ɗin duk ya farfashe, har gutsattsarin ƙarfe muka samu a manifol sun bi sun shiga silindar kusa. Wannan kam inji aka canza.

Baban_Gareji:
Albishirinka, wataƙila ma ba sai an cire top ba. Ana canza sifirin top yana ɗaure. Ko a hura iska ta ramin filogi ta riƙe bawul a sama, ko a yi dabarar igiya: a sauke fistin kaɗan a zura igiya mai laushi mai tsabta ta ramin filogi a bar jelarta a waje, a juya kiranshaf da hannu a hankali har fistin ya danne igiyar a ƙarƙashin bawul, sai a danne hula a cire kota a sa sabon sifirin da sabon sil. Na yi wannan ya fi sau goma. In an gama a sake auna matsi, in ya dawo 170 ka sha kuruminka.

Injiniya_Kamshaf:
Baba dabarar tana aiki ban musa ba, amma in bawul ɗin bai lanƙwashe ba ke nan. Ka lissafa, inji yana juyi 3000 a minti kamshaf yana rabin haka, kowane bawul yana buɗewa sau 1500 a minti, sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Sifirin ne kaɗai yake dawo da shi sama kafin fistin ya iso, kuma bawul ɗin hayaƙi shi ne wanda fistin yake korowa a baya yana rufewa. Ya karye a gudun 100 sannan an ƙara kilomita 6, sannan an yi ta kunnawa a gareji ana gwada filogi da koyil. Da wuya a ce fistin bai sumbace shi ba ko sau ɗaya.

Baban_Gareji:
Da wuya ba ya nufin ba zai yiwu ba Injiniya. Gwadawar ba ta cin komai, sifirin ɗaya ne da awa ɗaya. Cire top kuwa gasket ne, kusoshi ne, ruwa ne, mai ne, kwana uku.

Na'ura_Bata_Karya:
Ba sai kun yi musu ba, gani ya kori ji. A zura 'yar kyamarar nan mai waya ta ramin filogi a kalli kan fistin. In akwai tabo mai sheƙi kamar jinjirin wata a inda bawul yake fuskanta to sun gaisa. Ko kuma bayan an cire sifirin a kama sandar bawul da yatsa a ja sama a juya ta, fistin yana sama fa kar ya suɓuce ciki, mai lafiya zai hau ya sauka sumul ya zauna da ɗan sauti, lanƙwasasshe cijewa yake yi.

MaiShakka:
Ni tambayata daban ce, kowa yana maganar yadda za a gyara ba wanda ya tambayi me ya karya sifirin ɗin. Sifirin ba ya karyewa don nishaɗi. In ba a gano ba gobe na kusa da shi zai bi sahu.

Uwar_Biyu:
Gaskiya ne wannan. Tawa motar da ta yi obahitin, wato zafi ya wuce kima, sau biyu, bayan wata guda mazaunin bawul ya faɗo, bakanikena ya ce top ɗin alminiyom ne mazaunin kuma ƙarfe ne aka dasa a ciki, in zafi ya yi yawa alminiyom ya fi ƙarfe buɗewa sai ya sake shi. Malam taka ta taɓa yin zafi?

Oga_Fistin:
Shi ya sa nake cire tamostat a duk motar da ta shigo hannuna, ba ruwanka da obahitin.

Mai_Sifana:
Oga dan Allah kar ka koya wa mutane wannan. Inji an ƙera shi ya yi aiki wajen digiri 90, in ka cire tamostat yana daɗewa bai kai ba, kwamfutar motar tana ganin sanyi tana ta ƙara mai, fetur yana wanke jikin silinda, baƙin mai yana lalacewa da wuri, kabon yana taruwa a kan bawul ɗin da muke magana a kai. In mota tana zafi a nemo dalili, fanka ce ko lagireto ya toshe ko famfon ruwa.

Oga_Fistin:
Shekara nawa ina yi ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Hajiya_Sitiyari:
Wataƙila wani garejin suke komawa Oga 😄

Direban_Dare:
@Uwar_Biyu ba ta taɓa zafi a hannuna ba. Amma tunda MaiShakka ya tambaya bari in faɗi gaskiya ko da za a yi min dariya. Kwana huɗu kafin abin ya faru ina son wuce wata babbar mota ina wajen 120 a giya ta biyar, na zo sa ta huɗu hannuna ya ja gefe ya shiga ta biyu, na saki kuloci injin ya yi wata irin kururuwa allurar ta wuce ja, nan take na sake taka kuloci. Bai fi daƙiƙa ɗaya ba kuma bayan nan ta ci gaba da tafiya lafiya shi ya sa ban kawo shi a raina ba.

MaiShakka:
Yawwa, ga zancen ya fito.

DanKoyo22:
Amma ba akwai abin da yake hana inji wuce ja ba? Na ɗauka kwamfuta tana yanke mai.

Injiniya_Kamshaf:
Tana yankewa in kai ne kake taka totur. Amma in ka sa ƙaramar giya a babban gudu tayoyi ne suke juya injin ta giyabos, ko ta yanke mai gaba ɗaya ba abin da zai hana shi juyawa. A irin wannan juyin sifirin ba ya iya bin kamshaf, bawul sai ya riƙa shawagi yana dukan mazauninsa yana tsalle, sifirin yana girgiza fiye da abin da aka yi shi dominsa. Mai yiwuwa a nan ya samu 'yar tsaga ta yi kwana huɗu tana ci har ta ƙarasa. Ban ce tabbas ba ne. Ka ɗauki guntayen ka kalli bakin karayar da kyau, in wani ɓangare ya yi santsi ya yi duhu sauran kuma sabo ne mai gautsi, to tsagar ta jima tana tafiya. In ka ga ɗigon tsatsa a wurin da ta faro to tsatsa ce ta fara cin sa, wannan yana samun motar da ta daɗe a ajiye ko wadda ba ta yin doguwar tafiya, danshi yana taruwa a ƙarƙashin murfi.

Tsohon_Direba:
Kilomita dubu 210 fa, ƙarfe ma yana gajiya. Ba sai an ɗora wa giya laifi ba.

Direban_Dare:
An zura kyamara. Akwai tabon jinjirin watan nan a kan fistin na uku, ɗaya ne ba zurfi. Baban_Gareji mun gwada taka ma, da aka cire sifirin aka ja bawul ɗin sama yana cijewa rabin hanya. Don haka gobe za a cire top. Yanzu kuma sabuwar rigima, bakanike ɗaya ya ce in sayi top na hannu a ɗora kawai, ɗayan ya ce a gyara nawa. Har akwai wanda ya ce zai miƙar da bawul ɗin da guduma.

Baban_Gareji:
To Injiniya ka ci wannan. Amma mai gudumar nan ka kore shi daga kusa da motarka. Bawul ɗin hayaƙi da yawa kai da sanda ƙarfe biyu ne aka haɗa, kuma wanda ya lanƙwashe ya riga ya raunana a wuya, ko ya miƙe a ido wata rana kan zai guntule ya faɗa, ka koma labarin da DanKoyo ya bayar.

Mai_Sifana:
Ni gyara naka zan ce. Top ɗinka ka san tarihinsa, bai taɓa zafi ba, silinda uku suna ba da 170 zuwa sama. Na hannu ba ka san abin da ya kashe motar da aka ciro shi ba. Ga abin da zan tsaya a kai in ni ne. A bar inji ya huce sarai kafin a kwance, a sassauta kusoshin top daga gefe zuwa tsakiya kaɗan-kaɗan ba a zare ɗaya gaba ɗaya ba. In ya fito a kwantar da shi a zuba kananzir a kowace kafa a ga wane bawul ne yake yoyo, kar a tsaya kan na ukun kawai tunda injin ya yi wancan kururuwar. A ciro bawul ɗin a jera su bi da bi kar a cakuɗa, wanda ake shakka a mirgina sandarsa a kan gilashi ko a sa a bakin dirila a juya za ka ga kan yana rawa. A duba gaid, bututun da sandar bawul take hawa da sauka a ciki, wanda lanƙwasasshen ya bi, sau da yawa bakinsa yana tsagewa, in an bar shi mota za ta riƙa shan mai tana hayaƙi kuma sabon bawul ba zai zauna daidai ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar top a gwada da fila geji, siraran ƙarafan auna rata, injuna da yawa iyakarsu wajen 0.05 mm ne, in bai wuce ba ba dole a yi sikimin, wato aske fuskar top, ba. Sil na bawul a canza duka 16 tunda an riga an buɗe. Sabon bawul a yi masa girandin da mazauninsa har zoben ya fito toka-toka ba yankewa, in mazaunin ya bugu sai an yanka shi da inji, girandin ba ya gyara wannan, sannan a wanke fes ɗin girandin tas don yashi ne in ya shiga gaid ya gama da shi.

Injiniya_Kamshaf:
Ƙari kan na Mai_Sifana, tunda top yana ƙasa a auna tsayin fistin na uku da na biyu, tare suke hawa sama, in na uku ya gaza ko kaɗan konrod, sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf, ya lanƙwashe. Da tabo ɗaya mara zurfi ban zaci haka ba amma minti biyu ne. Wajen mayarwa kusoshin top na injuna da yawa irin masu miƙewa ne ana ɗaure su da tok renci sannan a ƙara murɗa su zuwa wata kusurwa, irin su ba a maimaitawa sai in littafin motar ya ba da awon da za a gwada su. Daga tsakiya ake ɗaurewa zuwa waje. Kar a shafa wa gasket gam. In an sa belt a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku a ga alamomi sun dawo kuma ba inda ya cije kafin a taɓa ki. Tafet a saita shi da fila geji yadda littafi ya ce, na hayaƙi ya fi na iska tazara, ba da kunne ba.

Uwar_Biyu:
Ni dai na hannu na saya lokacin nawa kuma shekara uku ke nan lafiya, don nawa ya riga ya lalace. Amma sai da aka gwada shi da matsin ruwa aka tabbatar bai tsage ba kafin a ɗora.

Na'ura_Bata_Karya:
Kar a manta baƙin mai da filta, fetur ɗin da bai ƙone ba a ta uku wani ya gangara cikin mai. Kuma bayan gyara ka sa ido ko P0420 za ta fito, in ta fito katalis ɗin ya ji jiki. Don gaba, duk wanda dole ta sa shi tafiya da silinda ɗaya a mace ya zare soket ɗin nozul ɗinta, amma in akwai ƙarar ƙarfe janwe kawai.

Oga_Fistin:
To ai maganata ce ta dawo, cire top a yi girandin.

Hajiya_Sitiyari:
Oga kai ƙonewa ka ce fa, muna da shaida a sama.

Direban_Dare:
An cire top ɗazu. Bawul ɗaya ne ya lanƙwashe sosai, ɗan uwansa na kusa ma yana ɗan yoyon kananzir, gaid ɗaya ya tsage a baki kamar yadda Mai_Sifana ya faɗa, fuskar top lafiya, fistin na biyu da na uku tsayinsu ɗaya. Nawa zan gyara. Bakin karayar sifirin ɗin kuma rabi duhu rabi sabo ne amma ban ga tsatsa ba. Belt da tenshina da famfon ruwa zan canza tunda ban san yaushe mai motar na baya ya canza ba. Abin da ya rage min sifirin, in canza ɗayan da ya karye ne ko duka 16?

Baban_Gareji:
Ɗaya ya isa, sauran a jera su a kan tebur a gwada tsayinsu da sabon, wanda ya gajarce ko ya karkace a fitar da shi.

MaiShakka:
Tsayi ba ya nuna tsaga. Duka 16 sun sha kururuwar nan tare, kuma shekarunsu ɗaya. Ni duka zan canza in huta.

Baban_Gareji:
In ka samu na asali ba. Sabo mara kyau sha shida ya fi tsoho mai kyau sha biyar haɗari, na ga sabon sifirin da bai yi wata biyu ba ya saki.

Tsohon_Direba:
Ni har yanzu ban yarda giyar ce ba, duhun da ya gani a karayar ai ba na kwana huɗu ba ne.

Injiniya_Kamshaf:
Baba a cikin baƙin mai mai zafi kwana huɗu ma suna iya sa shi duhu, amma ba zan rantse ba. @Direban_Dare ɗora mana hoton bakin karayar kusa-kusa da haske mai kyau mu gani.

Direban_Dare:
To sai da safe in Allah ya kai mu, guntayen suna gareji an rufe.